Abin da ke jan mu zuwa fim ɗin wawan da ke kisa

Duk mai zama wajen masu tura fina-finai a waya, ko a Kawo ko a Tudun Wada, ya san yadda ake neman Terrifier. Wasu ba su ma riƙe sunan ba, sai ka ji an ce, "Malam, tura min na wawan nan mai baƙi da fari." Ina cikin masu kallonsa, kuma ban yarda da kuɗin goron da ake yi mana ba, wai duk mai kallonsa zuciyarsa ta ƙeƙashe.

Ni shirun Art, wato wawan da ke kisan a fim ɗin, shi ne ya kama ni. Tun daga farkon fim har ƙarshe ba ya cewa uffan. Ko soke shi aka yi, bakin zai wangale amma ba ihu. Dariyarsa ma ba ta da sauti, sai kafaɗu na rawa, yana nuna mutum da yatsa, haƙora duk sun ruɓe, 'yar ƙaramar hula a karkace a ka, baƙar ledar shara cike da makamai a kafaɗa. David Howard Thornton, wanda ya fito a matsayinsa, da fuska da gaɓoɓi kawai yake wannan aiki, kuma wallahi ya iya. Sai ya sa ka murmusa, nan take ka ji tsigar jikinka ta tashi don ka tuna abin da ke hannunsa.

Mu da muka taso muna ganin 'yan kama a gidan biki da wawan sarki a hawan sallah, mun saba mai ba da dariya shi ne mutumin da ba a tsoro. Yara ma binsa suke yi. To idan shi ne ya zaro wuƙa, cin amana ne, kuma tsoron cin amana ya fi na dodo shiga rai. A Amurka ma ba daga sama abin ya faɗo ba. John Wayne Gacy, wanda ya kashe samari da yara maza 33 a yankin Cikago a shekarun 1970, yana sa kayan wawa ya je shagulgulan yara.

Sai aikin hannu. Daraktan, Damien Leone, gwanin haɗa raunukan bogi ne, yawancin abin da kake gani roba ce da jinin haɗi, ba kwamfuta ba. Kashi na biyu, na 2022, da kimanin dala 250,000 aka yi shi, ya kawo sama da miliyan 15. Na uku a 2024 ya doshi miliyan 90. Masu shirya fim ɗinmu su duba wannan da kyau.

Wani yayana ya ce min, "Ƙanena, mutanen da suka ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, suka ga an kwashe ɗaliban Kuriga a 2024, me za su nema a jinin fim?" Maganarsa tana da nauyi, kuma wanda abin ya taɓa shi ya ce ba zai iya kallo ba, da gaskiyarsa. Amma tsoron hanyar Birnin Gwari ba ka da iko da shi, ba ka san ranar ƙarewarsa ba. Wannan kuwa kai ke riƙe da wayar. In ya yi yawa ka tsayar, ka sha ruwa, ka dawo ka ga Sienna, jarumar fim ɗin mai yaƙar wawan, ta miƙe da takobinta.

Ba komai nake karewa ba. Kisan ɗakin kwana a kashi na biyu ya yi tsawo har ya daina ba da tsoro, ya koma azabtarwa zalla, kuma ni tsallake shi nake yi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ganin yaro ɗan firamare ya miƙa wayar mahaifiyarsa, a loda masa wannan fim tare da katun, ba a ko ɗago kai an dube shi ba. Don Allah masu tura fim, in yaro ya zo neman na wawan nan, ku ce ya je ya turo babba.