"Ba ma'aikacinmu ba ne", in ji su

Tun da na dawo daga asibitin Shika jiya da daddare ban runtsa ba. Waɗanda suka san abin da ya faru ranar Talata a wancan kamfanin casar shinkafa sun sani, ba sai na kama suna ba. Na ga hannun yaron da abin ya rutsa da shi da idona, wutar lantarki ta cinye tafin har wuyan hannu, ga karaya a ƙugu saboda faɗowar da ya yi daga kan tsani. Amma abin da ke ta yi mini yawo a kai shi ne amsar da manaja ya ba mahaifinsa a bakin ƙofa: "Baba, ka yi haƙuri, ai ba ma'aikacinmu ba ne, yaron ɗan kwangila ne."

Ba ma'aikacinku ba ne? To a gidan wa wutar ta kama shi? Wayar ta wa ce? Janaretan na wa ne? Wanda ya tayar da janaretan, wa ke biyan sa albashi?

Kowa ya ji yadda aka yi. An ɗauke wuta, mai gyaran da kamfanin ya ba kwangila ya ce wa yaronsa ya hau ya kwance wayoyin injin tunda babu wuta. Can baya kuma mai kula da janareta, wanda babu wanda ya gaya masa akwai mutum a sama, ya ga wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ya tayar da inji ya juya layi kamar yadda ya saba kullum. Shi ke nan. Layin manyan injina irin wannan yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 415, ba irin ta soket ɗin ɗaki ba ce. Kwaɗo ɗaya da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, a datse akwatin wutar da shi, makullin yana aljihun wanda ke sama, da yanzu yaron nan yana gida yana cin tuwo da hannunsa. Ko kwali ne a rataya a rubuta "kada a kunna, ana aiki". Ba a yi ba. Kuma wanda ya kamata ya yi shi ne mai wurin, domin shi ya san inda janaretansa yake da wanda ke kunna shi. Baƙo bai san wannan ba. Baƙo idonsa manya ne amma ba ya ganin gari.

Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta maimaita ta har a gaji da ni. Idan ka kira mutum daga waje ya yi maka aiki a harabarka, aikin ka ba shi, ba ka sauke nauyin ransa daga wuyanka ba. Kai ka san wace waya ce a fili, wane kwano ne ya ruɓe a rufi, wace rijiya ce aka rufe da katako, wane tanki ne aka taɓa zuba fetur a ciki kafin ka ce wa mai walda ya ɗora masa wuta. Kafin ya ajiye jakar kayan aikinsa ya kamata wani naka ya zaga da shi ya nuna masa duk wannan, a sanar da ma'aikatan gida cewa yau akwai baƙi a wuri kaza, a sa mutum ɗaya ya tsaya a kansu har su tashi. Minti 15 ya isa.

Na san abin da za a ce. Wai ɗan kwangilar ne bai ba yaronsa safar hannu da hular kwano ba. Haka ne, shi ma yana da nasa kason, kuma ban wanke shi ba. Amma wa ya zaɓo shi? Mutum uku suka kawo farashi, aka ɗauki mafi araha, ba a tambaye shi ko yana da kayan kariya ba, ba a tambaye shi yaran da zai zo da su sun iya aikin ko jiya suka fara koyo ba. Ka matse mutum a farashi har ya rasa ribar sayen safar hannu, sannan ka ce laifinsa ne shi kaɗai? Araha ba ta ado, ballantana a aikin wuta.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kada a fake da sunan Allah a rufe sakaci, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ita ma doka ba ta yarda da wannan zamewar ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da za a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma inda aka ɗauko ɗan kwangila, ta haɗa shi da wanda ya ɗauko shi a nauyin wannan kuɗin. Tun 1994 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce idan kamfani biyu suna aiki a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, dole su haɗa kai a kan tsaron lafiya. Mahaifin yaron nan bai san da ko ɗaya ba. Manomi ne, ya sayar da buhun masara biyu da akuya ya biya kuɗin magani, yana ta yi wa mutanen da suka ce ɗansa ba nasu ba ne godiya saboda sun aiko da abin da bai kai kuɗin mota na mako ɗaya ba.

Ina roƙon masu kamfanoni da masu makarantu da masu gidajen mai da duk mai kiran magini ko mai walda, don girman Allah, ku dubi yaran nan kamar 'ya'yanku. Yaron da ke kwance shekarunsa 19. Da ya farfaɗo, tambayar farko da ya yi wa babansa ita ce ko maigidansa ya tattara kayan aikin, kada filaya ta ɓace a cire a kuɗinsa. Na fita waje na share hawaye.

Af, tunda ana maganar wuta. Mu ma a unguwa muna yin irin ta. Da fis ya yanke a taransifoma sai a yi karo-karo a kira wani yaro mai ƙarfin hali ya hau falwaya da silifas, a ba shi na shayi. Makon jiya na ga haka a layinmu a Tudun Wada, dattawa na tsaye a ƙasa suna haska masa da fitilar waya, ana yayyafi. Na ce a sauko da shi, aka ce in bari tukuna ya gama, ana son a ga ƙwallo da daddare.