Kada mu jingina imanin yaranmu da lissafin "da wuya ta faru"

Jama'a ku yi min haƙuri yau zan ɗan ja rubutu. Akwai wata hujja da 'yan uwanmu 'yan jami'a ke yawan kawowa nan Birnin Kebbi in anka fara gardamar Darwin, masanin nan da ya ce halittu na sauyawa a hankali daga wani iri zuwa wani, wai yiwuwar a ce ɗan Adam ya samu ta hanyar sauye-sauyen halitta kaɗan ce ƙwarai, to ke nan dole akwai mai jan ragamar abin. Ni Musulmi ne, na yi imani Allah shi ya halicce mu kuma shi ke juya komai, amma wallahi hujjar ga ba ta kwanta min ba.

Abin mamaki kam akwai shi, ban musa ba. Shekara miliyan 66 da sunka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a Yukatan ta ƙasar Meziko ya gama da manyan dinoso, wato gagga-gaggan dabbobin da sunka mamaye duniya a wancan zamani, sannan dabbobi masu shayarwa sunka samu fili, da ya kauce Allah kaɗai ya san me zai kasance. Ko yankin namu ma teku ya taɓa rufe shi, har akwai dabbar ruwa da anka tono ƙasusuwanta jihar Sakkwato anka sa mata suna Goronyosaurus saboda Goronyo.

Amma duk abin da ya riga ya faru, in ka koma baya kana lissafi sai ka ga kamar ba shi yiwuwa. Ranar kamun kifin Argungu dubban masunta ke afkawa Matan Fada da homa da gora, ko yaya dai wani sai ya fito da giwan ruwa mafi girma, in ka zo daga baya ka ce ya anka yi shi ɗin ne cikin dubbai, ai ko wa ya kama haka za ka ce.

Kuma su masanan ba su ce sa'a ce tsagwaronta ba. Ku duba sikila da ta sa muke zuwa gwajin jini kafin aure, mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa jinin ya yawaita inda sauro ya yi yawa irin ƙasarmu. Wannan tacewa ce a hankali zuriya bayan zuriya, ni kuma ina ganin ikon Allah cikin ita kanta ƙa'idar da ke tafiya ba ta kuskure, maganar Annabi Adamu kuwa daga wahayi munka karɓe ta.

Abin da ke damuna shi ne yaron da anka ce mishi shaidar akwai Allah ita ce lissafin nan. Ranar da lakcara ya warware mishi shi cikin aji sai ya ɗauka addinin ne ya rushe, na ga irinsu, suna dawowa hutu da shakka cikin zuciya kuma gida ba wanda za su iya tambaya ba a ce sun kafirta ba.