Ragon suna na ɗaure, kuɗin mota babu

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a ƙauyenmu, kuma na san ba mu kaɗai ba ne. Da ciki ya fito, maigida zai fara lissafin suna. Tun ciki na wata biyar ko shida ya sayi ɗan rago ya ɗaure a bayan ɗaki, ana ba shi dusa da harawa, don ya san in ya bari sai an haihu 'yan kasuwa za su tsuga masa kuɗi. Ya tara itacen wankan jego, ya yi alkawarin atamfar fitar suna, ya san inda zai sayo goro. Duk wannan tanadin kwana na bakwai ne. Daren farko kuwa, wanda a cikinsa ake rasa rai, ba wanda ya ajiye masa ko sisi.

Da hunturun shekara uku da suka wuce, matar wani ɗan'uwana ta je goyon ciki gidan iyayenta. Cikin fari ne. Naƙuda ta kama ta tun da azahar, amma kunya ta hana ta faɗa, sai bayan isha'i uwar ta gan ta durƙushe ta riƙe ƙafar gado. Aka kira ungozoma, ta duba ta ce zaƙi ne, aka ba ta jiƙo, aka karɓo rubutu. Dare ya raba, shiru. Uwar ta fita zaure ta ce, "Malam, yarinyar nan fa a kai ta asibiti." Uban ya yi shiru, can ya ce, "Matar mutane ce. In mun je aka ce tiyata, wa zai sa hannu?" Mijin yana Legas ci-rani, wayarsa a kashe. Sai da hantsi aka same shi, ya ce a kai ta mana. Ranar ba ta kasuwa ba ce, babu mota, aka ɗora ta a mashin, ƙanwar uwarta ta hau baya ta tallabe ta. Ƙaramin asibitin da suka fara zuwa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kafin a isa babban asibiti an yi la'asar. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta fito da yoyon fitsari. Ragon ne aka kwance aka sayar aka biya kuɗin jini da magani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne katin awonta. Yana cikin jakar da aka tafi da ita, an cika shi har sau biyar. Yarinyar nan ba ta taɓa fashin awo ba.

Shi ya sa duk lokacin da na ji sanarwa a rediyo ana cewa "muna kira ga mata masu juna biyu da su riƙa zuwa asibiti", sai in ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ce a kulle ba. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna mata 67 cikin 100 sun je awo wajen ƙwararriyar ma'aikaciya ko ma'aikacin lafiya, amma haihuwa 39 kacal cikin 100 aka yi a asibiti. A Arewa maso Yamma abin bai wuce 16 ba. Wato da rana, da ƙafarta, da 'yan canjinta na ƙuli-ƙuli ko kitso, mace tana iya kai kanta awo, kuma da yawa suna kaiwa. Ranar haihuwa ce ba ta da ta cewa. Tana kwance, ba ta da mota, ba ta da kuɗi, hukunci yana hannun miji, ko uwar miji, ko uba, ko wani yayan miji da ba ya ma cikin gidan. Ita ake yi wa wa'azi, alhali makullin yana aljihun wani.

Sakamakon kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2020 kimanin mata 82,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwar a duniya. A lissafa, ya haura mace 200 kowace rana. Da a hanyar Kano zuwa Zariya ake rasa wannan adadin kullum, da tuni an rufe titin. Amma su ɗai-ɗai suke tafiya, a ɗakunan da ba wanda ke gani, a yi jana'iza da hantsi, a ce kwana ya ƙare. Waɗanda suka tsira da rauni kuma su ne ke cika cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina da takwarorinta na Kano da Jahun da Ningi.

Na san amsar da dattawa ke bayarwa, cewa a gida aka haife mu lafiya lau, kuma ba na raina ta. Kakata goma ta haifa a ɗaka, ba nas ba likita. Gaskiya ne, mafi yawan haihuwa lafiya take zuwa ko a ina aka yi ta. Matsalar ita ce kusan mace 15 cikin 100 kan gamu da tangarɗa, kuma sau da yawa ba a iya nuna wace ce tun kafin ranar. Zubar jini bayan haihuwa ba ya sallama. Mace lafiyayya, wadda ta haihu shida ba ko ciwon kai, tana iya rasuwa cikin sa'a biyu in mahaifa ta ƙi tsukewa ko mabiyiya ta maƙale. Jijjiga ita ma haka: ƙafa ta kumbura, kai na sarawa, ido na ganin hazo-hazo, a gida a ce iska ce a kawo hayaƙi, alhali hawan jini ne, kuma akwai allurar da ke tsayar da ita. Kakata ta tsira, amma in ka zauna da tsofaffi ka ce su lissafo maka sa'o'insu da suka tafi wajen haihuwa, za ka ga sun fara ƙirga da yatsu. Masu rai ne kawai ke ba da labarin haihuwar gida.

Akwai kuma maganar da ake yi wajen gaisuwa, cewa ta yi shahada. Haka ne, ya zo a hadisi, kuma rahama ce gare ta da lallashi ga iyayenta. Amma shahadarta ba ta wanke wanda ya jinkirta. Wanda gini ya faɗa wa ma shahidi ne, ban kuwa taɓa ganin wanda ya bar iyalinsa kwance ƙarƙashin katangar da ta tsage ba don yana yi musu kwaɗayin lada.

To me za a yi? A ganina abu na farko, kuma mafi araha, shi ne izini tun da wuri. Miji ya tara uwarsa da surukansa da maƙwabcinsa tun ciki na wata bakwai ya ce: ko ina nan ko ba na nan, in naƙuda ta tashi a kai ta, in an ce tiyata wane ya sa hannu, na yarda. Wannan ba ya cin ko naira. Shirye-shiryen lafiyar mata da aka yi a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara sun gwada shi, tare da asusun unguwa na gaggawa da jerin samarin da suka yarda za su ba da jini, da kuma 'yan ƙungiyar direbobin haya ta ƙasa, NURTW, da aka horar su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare. A Damagaram ta Nijar kuma, tun wajen 2008 aka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna ciki da haihuwa tsakaninsu, har su riƙa bin abokansu da suka hana matansu zuwa asibiti. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne sun daina yi wa mace ita kaɗai magana. Sun je majalisa, sun je tasha, sun je masallaci. Liman ɗaya da zai ce ranar Juma'a kuɗin motar haihuwa yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, ya fi allon talla ɗari.

Al'adar goyon ciki ma ba sai an yaƙe ta ba, juya ta za a yi. Tunda mun saba mace ta bar ɗakinta in ciki ya tsufa, me zai hana ta sauka gidan gwaggo ko yaya da ke kusa da babban asibiti? A yankunan da 'yan bindiga suka hana tafiyar dare, a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, ba ni ganin wata dabarar da ta wuce wannan.

Sai dai zan zama maƙaryaci in na ɗora laifin duka a kan maza na wanke asibiti. Ku tambayi matan da ke zuwa awo amma su haihu a gida, za ku ji abin da ba ya cikin sanarwar rediyo. Wata za ta ce ta je da dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce malama tana cikin gari. Wata za ta ce da fitilar waya aka karɓi haihuwarta. Wata kuma tsawa ce ta kore ta: "Lokacin da kike yi mun aike ki?" Mace mai kunya, wadda ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa, a kwantar da ita rigingine ba labule, ana wucewa ana kallo, sannan a miƙo wa mijin takarda: safar hannu, auduga, Dettol, Jik, sabulu, reza. Ta koma gida ta ba kishiyarta da maƙwabta labari, shi ke nan an rasa unguwa guda. Ungozomar gargajiya kuwa ta san sunanta, tana kiranta 'yata, tana shafa mata baya, ba ta neman kuɗi sai abin da ya samu. Ba ta iya tsayar da jini ba, amma ta iya mutane. Hikima ita ce a jawo ta, a ce aikinta ta rako mai naƙuda har ɗakin haihuwa ta zauna kusa da ita, a kuma ba ta ɗan alheri a kan kowace rakiya. In aka mayar da ita abokiyar gaba, ita ce za ta yi nasara, don ita ke kwana a unguwar.

Su ma ma'aikatan a yi musu adalci. Ungozoma ɗaya a asibitin da ke kula da ƙauyuka goma, ba gidan kwana, ba wuta, albashi sai an ga dama, wane irin fara'a ake jira daga gare ta? Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2009 ya fara da ƙarfinsa, ya zo ya yi sanyi, kuma rashin biyan alawus da rashin masauki suna cikin abin da ya kashe masa gwiwa.

Ilimin ceton kuwa muna da shi, har da hannun 'yan gida a ciki. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban gwaji kan zubar jini bayan haihuwa da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki, da ya kai rabin lita ba a jira, sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsarin ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. A Nuwamban 2024 kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Amma leda da tiyata suna jiran wadda ta iso ne, kuma sanarwar Abuja ba ta zama gaskiya sai ranar da magidanci a Gwiwa ko Maradun ya kai matarsa aka yi mata aiki ya fito ba a karɓi kuɗinsa ba, ya koma majalisa ya faɗa da bakinsa. Ya kamata kowane shugaban ƙaramar hukuma ya sa a liƙa sunan asibitin da ake yin wannan kyautar a ƙofar kowane ƙaramin asibiti, da Hausa, da boko da ajami.

Matar ɗan'uwan nawa an yi mata ɗinki, ta warke, yanzu tana da ciki wata shida. Likita ya ce wannan karon tiyata ce, kada ma a bari naƙuda ta fara. Da na je gida da ƙaramar salla na tarar mijin ya rubuta lambar direbobi biyu da gawayi a bangon zaure, ya kuma damƙa wa ƙanensa kuɗi a leda ya ce na mota ne, ko gobara aka yi kada a taɓa. Na leƙa bayan ɗaki, turken yana nan, bai sayi rago ba tukuna.