Ni dai da fensir nake kallon besbol

Tun da na ɗora hoton takardar nan mai cike da lambobi da zane-zane, tambayoyi ke ta shigowa. Wani ya ce aikin makaranta na ɗauka na tafi da shi filin wasa? Wani kuma ya ce, "Malam, duk wasannin duniya ka rasa wanda za ka so sai wannan da ake wuni a tsaye?" To bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya, domin maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Ra'ayina shi ne, wanda ya je kallon besbol bai riƙe fensir da takardar maki ba, rabin wasan ya gani. Kuma duk wanda zai fara, ya fara da wasan 'yan jami'a kafin na ƙwararru. Da gaske nake, kuma zan faɗi dalilaina.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, wasan a taƙaice ga shi. Ƙungiya biyu ne, ɗaya tana tsaron fili da mutum tara, ɗaya tana bugu. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 tsakaninsa da mai bugu. Shi mai bugu so yake ya maka wa ƙwallon sanda ya ruga, ya taka tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo gida. Tsakanin kowace tasha da 'yar'uwarta ƙafa 90 ne. Wanda ya kewayo gida ya ci maki ɗaya. In masu tsaro suka fitar da mutum uku sai a yi musanye. Turmi tara ake yi. A wasan 'yan jami'a akwai agogon sakan 20 da ke hana mai jifa jan ƙafa, amma babu agogon da zai buga ya ce wasa ya tashi. Kana son nasara, sai ka fitar da mutum 27 ɗaya bayan ɗaya.

Ina zaune ne a Baton Rouge, jihar Luwiziyana, garin da jami'ar LSU take, kuma a nan besbol ba ƙaramin abu ba ne. Filinsu, Alex Box, yana ɗaukar mutum sama da 10,000, kuma jami'ar ta ci kofin ƙasa sau takwas, daga 1991 zuwa 2025. Kakar wasa tana farawa a tsakiyar Fabrairu, sanyi bai gama tafiya ba. Juma'a, Asabar da Lahadi ake kara wasa uku da abokin hamayya guda, sannan a tsakiyar mako, galibi Talata, a yi guda ɗaya da wata makarantar kusa.

Yanzu ga takardar. Kowane mai tsaro yana da lambarsa, kuma ba lambar rigarsa ake nufi ba, lambar wurin da yake tsaye. Mai jifa 1, mai cafka da ke tsugune bayan mai bugu 2, na tasha ta ɗaya 3, na ta biyu 4, na ta uku 5, wanda ke tsakanin ta biyu da ta uku 6, sai uku na can bayan fili: hagu 7, tsakiya 8, dama 9. Sunayen masu bugu suna jere daga sama zuwa ƙasa, turmi-turmi kuma a jere daga hagu zuwa dama, kowane mutum da ɗan akwatinsa a kowane turmi. In ƙwallo ta gangara wurin lamba 6 ya ɗauka ya wurga wa lamba 3 kafin mai gudu ya iso, sai ka rubuta 6-3. In ta tashi sama na tsakiya ya cafe, F8. In mai jifa ya gama da mutum da jifa uku masu kyau da ya kasa bugawa, K. In kuwa jifan ƙarshe ya wuce shi yana tsaye bai ko motsa sanda ba, sai ka rubuta K ɗin a juye, tana kallon baya. Wadda ta fi daɗin rubutawa ita ce 6-4-3, wato an fitar da mutum biyu a bugu ɗaya, ƙwallo ta bi hannu uku cikin ƙiftawar ido. Tushen wannan tsari yana komawa ga Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila da ya yi aiki a New York a ƙarni na 19. Ya rasu a 1908, amma har yau K ɗinsa ake rubutawa.

Wata dattijuwa ce ta koya mini. Kujerarta tana kusa da tawa, tana zuwa da littafin maki wanda bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, da fensir biyu da kilina a aljihun riga. Ba ta tashi in ana ihu. Sai ta gama rubutawa tukuna ta ɗago ta tafa. Wata ranar Talata magariba ta yi ana tsakiyar turmi, na ce mata, "Mama, zan je in yi salla in dawo." Ta miƙo hannu ta karɓi takardata ba ta ce komai ba. Da na dawo na tarar ta cike mini akwatunan da rubutunta ƙanana masu tsabta: 5-3, sai BB na wanda ya samu tasha kyauta saboda jifa huɗu sun kauce, sai F8 da ɗan tauraro a gefe. Ta nuna tauraron da bakin fensir ta ce, "Ɗana, yaron tsakiya ya yi tsalle ya kama ta a jikin katanga. Ba zan bari ta wuce maka haka kawai ba." Ita ce kuma ta ba ni labarin Phil Rizzuto, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Yankees ta New York da ya koma mai sharhi, wanda in abu ya wuce shi yakan rubuta WW a akwatin, alamar cewa a lokacin idonsa ba ya kan fili.

To mene ne fensir ke ƙara wa mutum? Yana hana idonka yawo. Besbol wasa ne mai yawan shiru, kuma a cikin shirun ne ake ƙulla komai. Wanda ba ya rubutu, shirun nan gundura ce a wurinsa, sai ya zaro waya. Wanda ke rubutu kuwa, a lokacin ne yake aiki. Mai bugu ya fito a turmi na bakwai, ka kai ido baya a layinsa ka ga K biyu, ka tuna duk biyun ƙwallon da ta faɗo ƙasa-ƙasa ce ta yaudare shi. Sai ka zuba ido: za a sake yi masa ita? Ya gane? Ka duba ka ga mai jifan nan ya doshi jifa ɗari, kuma mutum biyu na ƙarshe duk sun samu tasha kyauta, ka san hannu ya fara nauyi tun kafin koci ya fito daga rumfa. Ka ga lamba 9 ya ɗan matsa baya da taku uku saboda wanda ke zuwa ya kai ta can ɗazu. Sauran jama'a sai ƙwallo ta tsallake katanga suke mamaki. Kai kuwa tun turmi biyu baya kake jin ƙamshin abin.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Allon maki na filin yana nuna komai, har gudun kowane jifa. Waya tana ba ka lissafin da ya fi naka daidai. Haka ne. Amma abin da waya ke ba ka, ganin wani ne aka kawo maka bayan an gama. Abin da ka rubuta da hannunka sai da ka gani, ka fahimta, ka yanke hukunci kafin fensir ya taɓa takarda. Na kuma yarda cewa rubutun yana rage hira. Wanda ya zo da ƙananan yara ko ya rako baƙi, ya ajiye takardar ranar, hakkinsu ya fi. Sai dai tsakanin turmi da turmi akwai sarari isasshe na ɓare gyaɗa da gaisawa da maƙwabci.

Maganar yanke hukunci ta fi duk sauran muhimmanci a wurina. A kowane wasa akwai mai rubuta maki na hukuma, yana can sama a ɗakin 'yan jarida. In aka buga ƙwallo da ƙarfi ta daki safar hannun lamba 5 ta fice, shi ne zai ce bugu ne mai kyau, ko kuwa kuskuren mai tsaro ne a rubuta E5. Hukuncin ba wasa ba ne, domin yana shiga lissafin mai bugu, yana shiga na mai jifa, yana bin yaro har ƙarshen kaka. A takardata kuwa ni ne alƙali. Wani lokaci allo ya nuna E, ni in rubuta bugu mai kyau, saboda na ga yadda ƙwallon ta yi tsalle a kan ƙasa a taku na ƙarshe, babu ɗan adam da zai kama ta. Kuma a nan ne mutum ke gane ko yana da adalci. In yaron ƙungiyarka ne ya saki ƙwallon da ya kamata ya riƙe, zuciya za ta ce ka rufa masa asiri. Ka rubuta E ɗin. In na abokan hamayya ne ya yi abin bajinta, ka sa masa tauraronsa.

Me ya sa na ce 'yan jami'a? Na farko, kana kusa. A wasan Talata tikiti ba ya da tsada, kujeru da sarari, kana jin ƙarar ƙwallo a cikin safar mai cafka, kana jin koci yana kiran yaro da sunansa. Sandarsu ta ƙarfe ce, an halatta ta tun 1974, ƙararta tana da wani kaifi, tiiin, da ba ka ji a sandar katako ta ƙwararru. Kuma yara ne 'yan shekara 18 zuwa 22 ko sama kaɗan, suna kuskure, suna gyarawa a gabanka, don haka takardar ba ta zama fayau. Wani lokaci a wasa ɗaya koci zai gwada masu jifa shida ko bakwai, har gefen takarda ya cika.

Amma babban dalilina wani ne. Makarantu kusan 300 ne ke buga wannan wasa a matakin farko na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Zaɓen shiga ƙwararru zagaye 20 ne kacal a shekara, mutum 600 da 'yan kai, kuma a ciki har da waɗanda suka fito daga sakandare. Ke nan yawancin yaran da kake kallo, nan ne ƙarshen tafiyarsu. Eh, akwai irin su Paul Skenes, wanda a 2023 ya fitar da mutum 209 da jifa a kaka ɗaya yana sanye da rigar LSU, aka ɗauke shi na farko a zaɓen shekarar zuwa Pittsburgh Pirates. Duk wanda ya rubuta wasanninsa na daren Juma'a yana da shafuka cike da K. Shi duniya ba za ta manta da shi ba ko babu takardata. Wanda ke taɓa mini zuciya shi ne yaron da ake sakowa a turmi na takwas ranar Talata, wasa ya riga ya yi nisa, rabin jama'a sun kama hanyar mota. Bugu ɗaya zai yi, wataƙila ba zai sake samun wani ba sai bayan makonni. Can a kusurwa wata mata ta miƙe tsaye da waya a hannu tana rawar jiki, ka san mahaifiyarsa ce. Sai in ja layi ƙarƙashin sunan wanda ya fita, in rubuta nasa sunan cikakke da lambar rigarsa, in zauna in kalle shi kamar yadda zan kalli Skenes. Ya cancanci a samu ko mutum ɗaya baƙo da ya shaida ya tsaya a wurin.

Kuma ba ka san wanda rana za ta fito wa ba. Burin kowace makaranta shi ne Omaha, a jihar Nebraska, inda ake gasar ƙarshe a watan Yuni tun 1950. Ƙungiya 64 ke shiga, takwas ke isa can. A wasan ƙarshe na 1996, jami'ar Miami tana gaba da LSU 8 da 7, turmi na tara, an fitar da biyu, saura mutum ɗaya a ɗauki kofi. Wanda ya fito shi ne Warren Morris, na tara a jerin masu bugu, wato na ƙarshe, wanda ciwon hannu ya hana shi buga babban ɓangaren kakar, kuma duk shekarar bai taɓa tsallakar da ƙwallo katanga ba. Jifan farko ya maka ta ta haye katangar dama, shi da ɗan'uwansa da ke kan tasha duk suka dawo gida, aka tashi 9 da 8. Har yau ana ba da labarin a garin nan. Wanda ya riƙe takarda ranar yana da layin Morris tun daga turmin farko, ya san daga ina abin ya taso.

Da wasa ya tashi akwai aiki ɗaya da ya rage, kuma ina jin daɗinsa kamar yadda mai shago ke jin daɗin rufe lissafi da dare ya ga kuɗi da kaya sun yi daidai. Ka haɗa duk waɗanda suka fito bugu a ƙungiya ɗaya. Sannan ka haɗa waɗanda suka ci maki, da waɗanda aka fitar, da waɗanda turmi ya ƙare suna kan tasha. Dole lissafi biyun su zo ɗaya, domin duk wanda ya ɗauki sanda ɗaya daga cikin ukun nan ne makomarsa. In ba su zo ɗaya ba, akwai wanda ya ɓace maka a hanya, sai ka koma ka nemo shi.

'Yan'uwa da ke karatu ko aiki a Amurka, jami'o'i da yawa suna da ƙungiya, kuma a wurare da yawa ɗalibi da katinsa yake shiga. Ku zaɓi wasan tsakiyar mako. Takardar maki ana samunta a ƙofar fili a wasu wuraren, ko ku buga ta daga intanet kafin ku fito. Ku zo da fensir, kada ku zo da biro, domin mai rubutun hukuma kansa yakan sauya hukunci bayan turmi ya wuce. A ranar farko abu uku sun isa: wa aka fitar, wa ya kai tasha, wa ya dawo gida. In kuka hangi wani dattijo da littafi a cinya, ku zauna kusa da shi ku yi masa sallama, za ku ga yadda zai matso muku da shafinsa. Ku taho da rigar sanyi in Fabrairu ne ko farkon Maris, domin da rana ta faɗi kujerun nan sanyi suke ɗauka.