Ba kowane ciwon gwiwa ne targaɗe ba

Ni da ɗan yayata mun tsinke jijiya iri ɗaya a gwiwa, tsakaninmu bai fi wata huɗu ba, ni a filin ciyawar roba a arewacin Ingila inda nake zaune, shi kuma a filin ƙwallon unguwa a Mabera, cikin garin Sakkwato. Babu wanda aka yi wa ƙeta a cikinmu. Ni dai na kafa ƙafar hagu zan juya da ƙwallo, takalmi ya riƙe ƙasa, jiki ya juya ya bar ƙafar a kafe, sai na ji wata ƙara kamar an karya ƙirare, kuma kafin dare gwiwar ta kumbura suntum. Da yaron ya ba ni labarin nasa ta waya, sai na ji kamar nawa yake maimaita mini.

Shi an kai shi wurin mai ɗori, dattijon ya matsa nan ya matsa can, ya ja ƙafar, ya shafa magani ya ɗaure, sannan ya ce masa: “Wanga ai targaɗe na, yaro, kwana bakwai ka koma hili.” Mahaifiyarsa ba ta gamsu ba, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, hoton ya nuna babu karaya, hankalin kowa ya kwanta. Abin da babu wanda ya gaya musu shi ne hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna suna haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, kuma ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Idan ta tsinke gaba ɗaya, galibi ba ta haɗewa da kanta. Sai dai tana da yaudara, domin kumburin zai saɓe cikin 'yan makonni, zafin ya tafi, mutum ya yi tafiya har da gudu muddin bai karkata ba. Ranar da ya zo yanke abokin karawa ne gwiwar za ta sake shi ya faɗi, kuma duk sakin da ta yi tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wanda lalacewarsa ke jawo amosanin gaɓɓai tun mutum bai tsufa ba. Ɗan yayata ya koma fili bayan wata ɗaya, ya kuma faɗi sau uku.

Ni kuwa, abu na farko da likita ta yi mini bai buƙaci wata na'ura ba. Ta kwantar da ni, ta ɗan lanƙwasa gwiwar, ta riƙe cinya da hannu ɗaya, ta jawo ƙwauri gaba da ɗayan, sai na ga ƙafata ta zamo kamar aljihun tebur. Daga baya hoton MRI, wanda shi yana nuna jijiyoyi, ya tabbatar da abin da hannunta ya riga ya gano. Na jira watanni kafin layin tiyata ya zo kaina, domin asibitin gwamnati a nan kyauta ne amma sai mai haƙuri, kuma a tsawon jiran ba a bar ni na zauna ba, an haɗa ni da likitan gashi, wato mai sa mutum atisayen motsa gaɓɓai, don kada cinyar ta tsotse. A tiyatar an ciro wata jijiya daga bayan cinyata aka dasa a gurbin wadda ta tsinke.

Mutanen gida sun ɗauka tiyatar ce maganin, alhali ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Makonnin farko sun tafi ne a kan koyon miƙe ƙafa sosai da tayar da naman cinya da ya yi barci. Na fi wata biyu ina sallah a kan kujera, kuma ranar da na fara zaman tahiya ba tare da cije leɓe ba, na fi murna da ita fiye da ranar da aka sallame ni daga asibiti. A wata na shida ba na jin komai, na roƙi likitan gashin ya bar ni na buga ko na minti goma ne, ya ƙi. Bai tambaye ni ko akwai zafi ba. Ya sa ni tsalle da ƙafa ɗaya ya auna nisan, ya auna ƙarfin cinyoyin biyu, ya ce sai mai ciwon ta kai kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar, kuma ko ta kai, ba a son komawa ƙwallo kafin wata tara, saboda jijiyar da aka dasa tana buƙatar lokaci kafin ta yi ƙwari. Sai a wata na goma sha ɗaya na sake taɓa ƙwallo a wasa.

Wannan ba taka-tsantsan na Turawa ba ne kawai. Virgil van Dijk na Liverpool ya tsinke wannan jijiya a wasansu da Everton a watan Oktoban 2020, kuma duk da likitocin da ke kewaye da shi bai sake buga wasa ba a wannan kakar. Victor Boniface namu ya tsinke ta har sau biyu yana Bodø/Glimt ta ƙasar Norway, ya yi jinya ya dawo, ya kuma ci gasar Jamus da Bayer Leverkusen a 2024. Idan waɗanda ƙwallo ce abincinsu za su zauna kusan shekara, ban ga hujjar da za ta sa yaron Mabera ya koma a kwana talatin ba.

Ba na raina masu ɗori, domin a hannunsu yawancinmu muka warke daga targaɗen ƙuruciya, kuma na san kuɗin MRI da na tiyata sun fi ƙarfin gidaje da yawa. Ba kowa ne ma yake buƙatar tiyatar ba, wanda ya haƙura da wasan da ake juyi a cikinsa zai iya rayuwa lafiya da gashi mai kyau. Ƙorafina shi ne a gida muna auna warkewa da ɗaukewar zafi, sannan abokai su bi yaro da gorin ragwanta har sai ya ɗaura bandeji ya shiga fili. Sakkwato tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga asibitin ƙashi a Wamakko, don haka ba a rasa inda za a tura mutum ba. Da mai ɗori da mai horar da yaran unguwa za su riƙe alamomi uku, wato ƙara lokacin faɗuwa, da kumburi cikin 'yan sa'o'i, da gwiwa mai saki, su ce wannan na asibiti ne, da gwiwoyi da yawa sun tsira.

Bayan faɗuwa ta uku na aika kuɗi aka yi wa yaron MRI, aka samu jijiyar a tsinke, guringuntsin ma ya yage. Yanzu wata biyu ke nan yana zuwa gashi kafin a yanke shawarar tiyata. A makon jiya ya kira ni, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, can sai ya ce: “Kawu, an fara gasar unguwanni, ko tsaron gida ma ba zan iya yi ba?” Na ce masa ya ba ni mahaifiyarsa, na roƙe ta ta ɗauke takalman ƙwallon ta kulle a ɗakinta.