Casanova na fim, na tarihi, da na unguwarmu

Fim ɗin Casanova na 2005 yana da daɗin kallo, wannan ba zan ɓoye ba. Na yi dariya, har wasu wuraren na mayar baya na sake gani. Ba fim ba ne da za ka kunna surukarka tana zaune a falo, amma kuma ba rashin kunyarsa ce ta tsaya mini a rai ba, don akwai tallar turare a talabijin ɗin Italiya da ta fi shi zubar da mutunci. Abin da ya tsaya mini shi ne, an kwashe kusan awa biyu ana ba da labarin mutumin da sana'arsa yaudarar mata, aka tashi ba a nuna mace ko ɗaya da ta zubar da hawaye saboda shi ba.

Ina zaune a Mestre, garin da ke kan tudu daura da Benis, birnin nan na Italiya da ke kan ruwa, tafiyar minti goma ce a jirgin ƙasa. A nan sunan Casanova haja ne. Yana jikin gidajen abinci, yana jikin fuskokin ado da ake sayar wa baƙi, kuma a 2025, da ya cika shekara 300 da haihuwa, da sunansa aka yi kanibal na shekarar baki ɗaya, wato babban bikin shekara-shekara na Benis. Mutanen da ke kwana a tsohon garin yanzu ba su kai 50,000 ba, amma mataccen mazinacinsu yana nan yana jawo musu kuɗi. Saboda haka lokacin da na zauna kallon fim ɗin, na riga na san unguwannin, na san gadojin, na kuma san yadda mutanen garin suke murmushi idan an ambace shi, irin murmushin da ake yi wa ɗan gida mai ƙiriniya.

Labarin dai ga shi a gurguje. Shekarar 1753 ce, Casanova, wanda marigayi Heath Ledger ya fito a matsayinsa, ya addabi gari har an kama shi a gidan mata masu hidimar coci. Shugaban Benis, wanda ake kira Doge, yana sonsa, sai ya ba shi zaɓi: ko ya auri 'yar mutunci, ko ya bar garin. Ya nemi wata Victoria, aka ba shi. Ana cikin haka sai ya haɗu da Francesca Bruni, yarinyar da ke rubuta littattafai kan 'yancin mata da sunan namiji, Bernardo Guardi, wadda kuma babu sunan da ta tsana kamar nasa. An riga an yi mata miji, wani attajirin ɗan kasuwar kitsen alade daga Genoa mai suna Paprizzio, wanda ba ta taɓa gani ba. Sai gogan naka ya tare attajirin a hanya, ya ɓoye shi a gidansa da sunan za a rage masa ƙiba, shi kuma ya ari sunansa ya je zance. Ga kuma wani limamin coci, Pucci, an turo shi daga Roma ya kamo Casanova da Guardi duka.

Wanda ya ba da umarni, Lasse Hallström, ya yi dabara da ya ɗauki fim ɗin a cikin Benis ɗin kanta. Ruwan nan, hasken la'asar a jikin tsofaffin gine-gine, kaɗe-kaɗen zamanin, duk sun zauna. Jeremy Irons ya yi limamin da izza mai ban dariya. Amma wanda ya sace fim ɗin shi ne Oliver Platt, mai kitse. Mutum ne da ya zo neman aure da tsoron kada a raina shi saboda jikinsa, ya yarda aka shafe shi da tarkace aka ɗaure shi, duk don ya burge matar da bai sani ba. Shi kaɗai ne a fim ɗin na ji zuciyarsa tana bugawa. Akwai kuma wurin da masoyan suka tashi sama a cikin balan-balan, wanda ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba a fara tashi da irin wannan balan-balan ba sai 1783 a Faransa, shekara talatin bayan lokacin labarin. Wannan ƙaryar ban damu da ita ba.

Wadda na damu da ita ita ce ta wanke mutumin. Giacomo Casanova na gaskiya, wanda aka haifa a Benis a 1725, ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa cikin Faransanci, shafi wajen 3,700, wanda ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya saya a 2010 kan kuɗi kusan yuro miliyan 7. Ba maƙiyinsa ne ya tona shi ba, shi ya faɗa da bakinsa. Ya lissafa mata fiye da ɗari. Ya faɗi yadda ciwon sanyi ya yi ta kama shi, kuma kowa ya san irin wannan ciwon ba a wurin mutum ɗaya yake tsayawa ba. Ya faɗi yadda ya sayi wata yarinya ƙarama daga hannun iyayenta manoma a Rasha kan rubul 100, yana dukanta, da zai tafi kuma ya bar wa wani ita. Ya faɗi yadda a Napoli ya kusa auren wata budurwa, sai da uwarta ta zo aka gane 'yarsa ce ta cikinsa. Ya damfari wata tsohuwar attajira a Faris, Madame d'Urfé, da ƙaryar tsibbu, ya ci dukiyarta shekara da shekaru. Duk wannan ya rubuta shi cikin nishaɗi, kamar mai ba da labarin fatauci.

Ba wai ba shi da baiwa ba. Ya yi karatun shari'a a Jami'ar Padova tun yana saurayi. A 1755 masu binciken gwamnatin Benis, ba limaman Roma ba kamar yadda fim ya nuna, suka kulle shi a kurkukun da ke ƙarƙashin rufin darma na fadar Doge, ba tare da an gaya masa laifinsa ko wa'adinsa ba, kuma a 1756 ya fasa rufin ya tsere tare da wani limamin coci mai suna Balbi. Ya je Faris ya taimaka aka kafa cacar gwamnati, ya yi kuɗi, ya ƙarar. Ya zauna da marubucin nan na Faransa, Voltaire, ya yi magana da Sarauniya Catherine ta Rasha. Har Istambul ya je, inda ya ce wani dattijo Musulmi mai arziki, Yusuf Ali, ya yi masa tayin 'yarsa da dukiya in zai musulunta, shi kuma ya sulale. Da ya samu izinin komawa gida a 1774, aikin da ya kama shi ne leƙen asiri, yana kai rahoton mutane ga hukumar da ta taɓa ɗaure shi. Mutum mai irin wannan rayuwa ya fi ƙarfin a mayar da shi yaro mai kewar uwarsa, wanda yake bin mata don kawai bai gamu da ta gari ba. Amma haka fim ɗin ya yi.

Na zauna ina tunanin yadda za a yi wannan labarin a Kano. Da farko dai ba zai wuce Hukumar Tace Fina-finai ba, wadda tun 2001 take duba abin da za a saki, a masana'antar da namiji ba ya ko riƙe hannun mace a gaban kyamara. Amma mayaudari ai muna da shi a fina-finanmu, ya cika su ma. Alhaji ne mai babbar mota, ko ɗan gayu mai daɗin baki da ke tara 'yan mata a waya. Za a bar shi ya yi ta sheƙe ayarsa har kusan ƙarshe, sannan a kawo masa karayar arziki ko ciwo ko hatsarin mota, a kwantar da shi a gadon asibiti, malam ya zo ya yi nasiha, ya fashe da kuka ya ce ya tuba. Matar da ya wulaƙanta ta yafe masa nan take, don an rubuta mata haƙuri tun daga farko.

Da na fara zama a Turai nakan ɗauka waɗannan hanyoyi biyu kishiyoyin juna ne, su suna yi wa ɓarna dariya, mu muna yi mata wa'azi. Yanzu ina ganin wuri ɗaya suke yin ƙarya. Dukansu sun yarda cewa mutumin da ya shekara ashirin yana yaudara zai sauya a dare ɗaya, a can soyayya ce ke sauya shi, a gida kuma tuba. Kuma dukansu labarin namijin suke bayarwa. Shi ne ake bi da kyamara, shi ne ake tausaya wa a ƙarshe, matan kuwa matakala ce da yake takawa ya kai ga shiriyarsa. Ba na musun tuba, ƙofarta a buɗe take ga kowa. Amma iyayenmu mata da suka ce namiji ba ɗan goyo ba ne, suka kuma san abin da ake kira tuban muzuru, sun fi marubutan fim na can da na gida sanin abin da suke magana a kai.

Bambancin da na gani na gaske shi ne wurin da mayaudarin yake fakewa. Na Benis yana hawa ta taga da dare. Namu sau da yawa ta ƙofar gida yake shiga, da waliyyi da shaidu da goro. Auri-saki ba ya karya dokar kowa: ya ga yarinya, ya kashe kuɗi, ya aura, wata shida ya ba ta takarda, ya nemi wata. A majalisa ana yi masa kirari, a ce wane ai ba ya wasa. Ita kuwa ta koma ɗakin uwarta da ciki ko da goyo, ta zama bazawara tana da shekara goma sha tara, kuma ita za a tambaya me ta yi. Tun 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hisbah take ɗaura auren zawarawa a taro, abin alheri ne, amma zawarawan nan ba daga sama suka faɗo ba. Kowace akwai wanda ya sake ta, kuma ban taɓa ganin an tara su su ma a fili ɗaya an yi musu magana ba.

Kada kuma wani ya ɗauka Italiya ta daɗe da wayewa a wannan fanni. Har zuwa 1981 dokar ƙasar nan tana cewa in namiji ya yi wa mace fyaɗe sannan ya aure ta, laifin ya faɗi. Sai da wata yarinya 'yar Sisiliya, Franca Viola, ta ƙi auren wanda ya sace ta a tsakiyar shekarun 1960, ta tsaya aka kai shi kotu aka ɗaure shi, sannan ƙasar ta fara jin kunyar dokar. Saki ma bai halatta a nan ba sai 1970. Murmushin da ake yi wa sunan Casanova da wannan tsohuwar doka uwarsu ɗaya.

Francesca ce ta fi ba ni takaici, don da ita aka fara da kyau. Sienna Miller ta fito da ita da kaifin baki, ta sa kayan maza ta shiga jami'a ta kayar da malamai a muhawara, ta karɓi takobi ta yi faɗa a madadin ƙanenta. Kuma irinta ba ƙirƙira ba ce zalla: a Padova, nan kusa da mu, Elena Cornaro, 'yar Benis, ta karɓi digirin dakta a 1678, mace ta farko da aka sani ta samu haka. Ni da na taso ina ganin yayyena suna karɓar aron littattafan soyayya da matan Kano suka rubuta da sunayensu na gaskiya, suna faɗar abin da ke cikin gidajen aure ana zaginsu suna ci gaba, na so a bar Francesca ta tsaya a kan maganarta. Sai ga shi mutumin ya yi mata ƙarya da sunan baransa, ya sake yi mata da sunan mijin da za ta aura, ya karanta littattafanta don kawai ya san kalaman da za su kama ta, amma da ya yi sadaukarwa guda ɗaya a gaban kotu, shi ke nan, duk karatun ya tashi a banza. Aka tsere da su daga bakin igiyar rataya da takardar afuwa ta jabu, suka hau jirgin ruwa, kiɗa ya tashi.

Na gaskiyar bai samu jirgin ruwa ba. An sake korarsa daga Benis saboda wani rubutun cin mutunci da ya yi, ya ƙare a matsayin mai kula da littattafan wani basarake, Waldstein, a garin Dux na ƙasar Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Haƙora sun zube, kuɗi babu, barorin gidan suna yi masa ba'a, yana rubuta wasiƙun ƙorafi kan abinci. A can ya mutu a 1798, kuma don ya kashe kaɗaici ne ya rubuta littafin da ya sa muke maganarsa. Da wannan tsohon aka yi fim ɗin, yana tuna matan ɗaya bayan ɗaya, da an samu dariyar da ta fi wannan, da ɗaci a cikinta.

Wuri ɗaya fim ɗin ya faɗi gaskiya, ban ma tabbata da gangan ya yi ba. Da Casanova zai gudu, sai ƙanen Francesca, Giovanni, yaro mai kunya wanda a farko ko ido ba ya iya haɗawa da mace, ya tsaya a gari ya gaji sunan, ya ci gaba da sana'ar daga inda aka tsaya. An nuna shi a matsayin abin farin ciki, har Victoria tana gefensa. Wato an aurar da mayaudari ɗaya, an naɗa wani a gurbinsa kafin jirgin ya bar gaɓa, kuma wanda aka naɗa ɗin ƙanen mai rubutu kan 'yancin mata ne. Paprizzio kuwa, mai kitsen da kowa ya raina, uwar Francesca ce ta gan shi ta ce ta ji ta gani, kuma a duk auren da aka ƙulla a fim ɗin nasu ne kaɗai zan iya sa hannu a kai a matsayin shaida.