Nasiha Ga Matasa Masu Son Taimakon Yaran Titi

Ya ku 'yan'uwana matasa, ina farin ciki da ganin yadda da yawanku ke haɗa kuɗi kuna kafa ƙungiyoyin agaji domin yaran da ke kwana a titi. Abin da ke damuna shi ne, wasu sun ɗauka cewa rabon abinci na yini guda da watsa hotunan yaran a Facebook shi ne aikin gaba ɗaya. Yaron da kuka ciyar da rana zai koma ƙarƙashin gada da daddare, hotonsa kuwa ya ci gaba da yawo a hannun mutane ba tare da an nemi yardarsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wani yaron duka ne ya koro shi daga gida, wani iyayensa ne suka rabu ko suka rasu, wani yaƙi ne ya tarwatsa danginsa, wani kuma yana da gidan da yake komawa ya kwana, rashin abin sawa a baki ne kawai ke fito da shi bara ko aikin ƙarfi. Maganin da zai yi wa ɗaya amfani yana iya cutar da ɗan'uwansa, don haka ku zauna ku saurare su kafin ku yanke abin da za ku yi musu. A shekarar 2017, Kwamitin Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da bayaninsa mai lamba 21, wanda ya shafi yaran titi, bayan an tuntuɓi yaran su kansu, inda ya yi tir da kamen da ake yi musu ana kwashe su da ƙarfi, ya kuma buƙaci a ɗauke su a matsayin masu haƙƙi da za a ji ta bakinsu.

Ku dubi abin da sauraro ya haifar a Mumbai ta ƙasar Indiya. Jeroo Billimoria ta lura cewa buƙatar yaran ta fi tsanani da dare, lokacin da ofisoshi suke rufe, sai ta kafa Childline a 1996, lambar waya ta kyauta, 1098, wadda yaro zai kira a kowace sa'a idan ya shiga matsala.

Babban aikin ƙungiya ba ya fitowa a hoto. Shi ne nema wa yaro takardar haihuwa, wadda sashe na 7 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ba shi haƙƙin samu, domin rashinta kan toshe masa ƙofar makaranta. Shi ne raka shi asibiti, da haƙuri da shi yayin da yake ƙoƙarin rabuwa da shaye-shaye, da bin sawun danginsa, da bincike mai zurfi a kan ko gidan zai iya riƙe shi cikin aminci, domin mayar da yaro hannun wanda ya azabtar da shi zalunci ne na biyu. Idan talauci ne kaɗai matsalar, ku tallafa wa iyayen da sana'a. Ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi maraba da su a 2009, sun ce bai kamata talauci shi kaɗai ya raba yaro da iyayensa ba. Ku sani kuma cewa yaro na iya gudu ya koma titi sau biyu ko sau uku, saboda a can ne abokansa da 'yan kuɗin da ya saba samu suke, kuma a lokacin ne zai gane ko da gaske kuke.

Ina roƙonku da ku tsare yaran har daga cikin ƙungiyarku. Ku binciki halin duk mai son yin aikin sa-kai, kada ku bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki, ku rubuta kowane kuɗi da ya shigo da inda ya tafi. Wanda ya san ba zai iya jure shekaru ba, ya shiga ƙungiyar da ta riga ta kafu, ya ɗauki ɗawainiyar karatun yaro guda, ya riƙa zuwa makarantar yana tambayar malaminsa yadda yake.